Amsar Tambayarku: Koyon Hoton Fim Baƙi-da-Fari Da Wanke Shi A Ɗakin Duhu

Kamar yadda muka saba, amsar da aka karanta a rediyo ita ce muka kawo muku a rubuce, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi saurare ya samu ya karanta, wanda kuma ya saurara ya yanke shafin ya ajiye.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, mai sayar da hatsi a wata kasuwar ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai hoto ne, ya yi shekara da shekaru yana bin kasuwanni da gidajen biki. Da aka raba gado, sai rabona ya faɗa kan kyamararsa ƙirar Yashica mai ido biyu, da wani gwangwanin alewa cike da dodon hoto. A cikinsu an ce akwai na mahaifiyata, wadda ta rasu ina ɗan shekara huɗu, kuma ba ni da hotonta ko ɗaya. Yayana ya ce tarkace ne tun da waya ta zo, wani dillali kuma ya taya kyamarar. To ina so ku ba ni haske a kan abu uku. Shin har yanzu ana iya fitar da hoto daga waɗannan dodanni? Ni da ban yi boko mai nisa ba zan iya koyon aikin mahaifina? Kuma in na koya, zai ci da ni?"

To malam, Allah ya jiƙan mahaifanka, ya sa sun huta. Kafin mu shiga bayani, ga shawara ta gaggawa: kada ka sayar da komai tukuna, gwangwanin nan kuwa kada ka bari ya bar hannunka. Kyamara ana iya sayen wata, amma kowane dodon hoto da ke ciki shi kaɗai ne irinsa a duniya. In ya lalace, fuskar da ke jikinsa ta tafi ke nan.

Asalin abin

Kalmar kyamara daga harshen Latin take, ma'anarta ɗaki. Tun kimanin shekara dubu da suka wuce wani masani, Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin cewa in haske ya shiga ɗaki mai duhu ta ɗan ƙaramin rami, siffar abin da ke waje takan fito a bango, amma a kife. Kai ma kana iya gwadawa da rana tsaka: rufe ɗaki ruf, ka bar huji ɗaya a taga, ka riƙe farin ƙyalle a gabansa. Kyamarar mahaifinka wannan ɗakin ne aka mayar da shi ɗan akwati, aka sa gilashi a bakin ramin.

Abin da ya gagari mutane shi ne yadda za a kama siffar ta zauna. Wani Bafaranshe mai suna Niépce ne ya fara samun hoton da ya zauna, a 1826 ko 1827, shi ma sai da haske ya yi aƙalla awa 8 yana dukan farantin. A 1839 aka bayyana hanyar Daguerre a Faransa. A Ingila kuma Talbot ya kawo dabarar da ta shafe ka, wato a fara yin dodo, sannan daga dodon a buga hoto ko nawa ake so. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak mai naɗin fim, daga nan hoto ya shiga hannun kowa.

Mene ne a jikin fim?

Fim leda ce mai ƙarfi wadda aka shafa wa wani danƙo da ake kira jelatin, wanda ake samu daga ƙashi da fatar shanu. A cikin danƙon an barbaɗa ƙwayoyin gishirin azurfa ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Halin wannan gishiri shi ne, da haske ya taɓa shi sai ya sauya. Makiyaya za su so su ji wannan: a 1925 wani masanin kamfanin Kodak, Samuel Sheppard, ya gano cewa danƙon da aka samu daga shanun da suka ci tsiron mastad ya fi sa fim saurin jin haske. Ka ga har kiwon saniya yana da hannu a hoto.

In ka danna kyamara, haske ya shiga na ɗan ƙiftawar ido ya taɓa ƙwayoyin. Inda farar riga take, haske mai yawa ya isa. Inda inuwa take, kaɗan. A wannan lokaci hoton yana nan, amma a ɓoye, kamar irin da aka shuka bai tsiro ba. Ruwan magani na farko shi ke mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa. Shi ya sa a jikin dodo farar riga take baƙa, baƙin gashi kuma fari. In aka bi da haske ta cikin dodon zuwa kan takardar hoto, abin ya sake juyawa, kowane launi ya koma wurinsa.

To amsar tambayarka ta farko ke nan. Hoton da ke jikin dodon baƙi-da-fari azurfa ce, ba tawada ba, kuma in an wanke shi da kyau an ajiye shi da kyau yakan wuce shekara ɗari. Muddin siffar tana nan in ka ɗaga shi ga haske, hoton mahaifiyarka zai fito insha Allahu.

Yadda za ka kula da gwangwanin

Wanke hannu ka shanya, ka riƙa kama dodon ta gefe, kada yatsa ya taɓa tsakiya. Kada ka goge shi da tsumma, kada ka sa masa ruwa. In wasu sun manne da juna, kada ka ɓamɓare da ƙarfi, ka ware su gefe har ka sami wanda ya san aikin. Ka shinshina: duk wanda kake jin yana tsami kamar binega, ledarsa ta fara ruɓewa, ka raba shi da sauran domin yakan harbe su, kuma shi za ka fara bugawa. Sauran ka sa kowanne cikin farar takarda mai tsabta, ka rubuta da fensir abin da ka sani: wane ne, wane gari, wace shekara. Maƙiyan fim su ne zafi da danshi da ƙura. Saboda haka kada ka rataye shi kusa da rufin kwano, kada kuma ka ƙulle shi cikin leda da damina. Ɗakin ƙasa mai sanyi, cikin akwati, nesa da murhu, ya fi.

Akwai kuma hanyar da za ka ga fuskar mahaifiyarka yau ɗin nan. Ka sami waya biyu. Ɗaya ka sa fuskarta ta yi fari fat, ka riƙe dodon ɗan nesa kaɗan a samanta, ka ɗauke shi da ɗayar. Akwai manhajar da ke juya launi, yaran da ke shagon caji sun san ta. Ba zai kai bugun takarda kyau ba, amma ka sami kwafi ke nan, ka tura wa 'yan'uwa su ma su ajiye.

Koyon ɗauka

Yanzu tambaya ta biyu. Ƙwarai kuwa za ka iya. Wanda ya iya awo da mudu ya riƙe lissafin buhu a ka, aikin hoto ba zai gagare shi ba, domin shi ma awo ne: awon haske, awon lokaci, awon zafin ruwa.

Fara da duba kyamarar. Buɗe bayanta babu fim, ka fuskanci haske ka danna, ka ga ko marufin idon yana buɗewa ya rufe ba tare da maƙalewa ba. Duba gilashin ko ya yi hazo ko saƙar gizo a ciki. Irin taka mai ido biyu, idon sama na leƙe ne, na ƙasa shi ke ɗauka. Ana riƙe ta a ciki, a leƙa ta sama, kuma za ka ga dama ta koma hagu. Kwana biyu ka saba. Tana cin fim mai lamba 120, naɗi ɗaya hoto 12, kowanne santimita 6 tsawo 6 faɗi. Ƙananan kyamarori kuwa suna cin fim mai milimita 35, mai hoto 24 ko 36.

Har gobe ana yin fim baƙi-da-fari. Ana yin Ilford a Ingila, Foma a ƙasar Cek, Kodak kuma, ko da yake ya shiga halin fatarar kuɗi a 2012, ya farfaɗo yana ci gaba da yi a Amurka. A jikin kwalin za ka ga lamba, 100 ko 125 ko 400. Ita ce saurin jin hasken fim ɗin. Mu da Allah ya hore wa rana, 100 ko 125 ya ishe mu.

Abu biyu ne ke tsara hasken da zai shiga. Ka ɗauki misalin ban ruwa a fadama: ko ka faɗaɗa bakin kwari ruwa ya shiga da yawa cikin ɗan lokaci, ko ka matse shi ka bar shi ya daɗe. Kwamin ya cika ko ta yaya, amma in ya yi yawa shuka ta nutse, in ya yi kaɗan ta bushe. A kyamara, faɗin ƙofar haske shi ne lambobin nan 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. Abin lura, babbar lamba ita ce ƙaramar ƙofa, kuma duk taki ɗaya da ka hau, hasken ya ragu rabi. Daɗewar buɗewa kuma ita ce 30, 60, 125, 250, wato kashi ɗaya cikin 30 na sakan, kashi ɗaya cikin 60, har zuwa sama.

Ga ƙa'idar da masu hoto suka daɗe suna aiki da ita in babu na'urar awon haske. In rana ta take, inuwa ta fito sosai, sa ƙofa a 16, ka sa daɗewa a lambar da ta fi kusa da lambar fim ɗinka. Wato fim 125, daɗewa 125. In akwai hazo ko ɗan gajimare, buɗe zuwa 11. In hadari ya rufe rana, 8. A inuwar bishiya ko bakin zaure, 5.6 ko 4. In za ka sauka ƙasa da 60, ɗora kyamarar a kan turmi ko benci, in ba haka ba rawar hannu ta ɓata hoton.

Kada ka tsayar da mutum a ranar tsaka, domin idonsa zai faɗa rami, goshinsa ya yi ƙyalli. Hantsi ko bayan la'asar, ko inuwa mai fuskantar fili, nan fatarmu ta fi fitowa da kyau. In mai duhun fata ne ya sa farar riga, ka ƙara buɗe ƙofa taki ɗaya don fuska ta samu rabonta. Sannan ka sayi ɗan littafi, duk hoton da ka ɗauka ka rubuta lambobin da ka sa da yanayin rana. Wannan littafi shi ne malaminka na farko.

Wanke fim

Kayan aiki su ne: tankin wanke fim, wato ɗan gwangwani mai murfi wanda ruwa ke shiga amma haske ba ya shiga, da faifan naɗi a cikinsa, ma'aunin zafi, kofin awo, agogo mai sakan, da magani iri biyu. Na farko mai fito da hoto, wanda masu sana'a ke kira dibelofa. Na biyu mai zaunar da hoto, wanda suke kira fikisa ko haifo.

Fim yana ganin kowane launi, har ja, saboda haka naɗa shi a faifai sai cikin duhu ƙirin. Ka bari sai dare, ka toshe ƙofa da taga da bargo, ka zauna minti 5. In ka iya ganin tafin hannunka, duhun bai isa ba. Nan ne sabon shiga ya fi shan wahala. Ka sadaukar da tsohon fim ɗaya ka yi ta gwaji da rana, ido buɗe, sannan ido rufe, har hannu ya haddace. Gumi yana sa fim ya maƙale, ka goge hannu sosai. Da ka rufe tanki, sai ka kunna fitila, sauran aiki a haske ne.

Lissafin kamfanoni an yi shi ne a kan ruwa mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. Alal misali, fim ɗin Ilford FP4 Plus a cikin maganin ID-11 da ba a sirka ba, minti 8 da rabi ne a digiri 20. To a nan ne tamu matsalar take, domin da bazara ruwan rijiya da ya kwana a jarka yakan haura 30. Ruwa mai ɗumi yana gaggauta magani, hoto ya yi baƙi ya yi kaushi, in zafin ya yi yawa ma danƙon ya yi laushi ya ƙuje. Magani shi ne ka yi aiki da asuba, ka yi amfani da ruwan randa, ko ka tsoma kwalaben magani cikin bokiti mai ƙanƙara har ma'auni ya sauko. In ya tsaya a 23 ko 24, rage lokaci kimanin kashi 10 cikin 100 a kan kowane digiri, amma kada wanki ya gaza minti 5, don yakan fito da dabbare-dabbare. Lokacin sanyin hunturu kuwa, ruwa da kansa yake zuwa daidai.

Ga yadda aikin yake. Zuba maganin farko, ka duba agogo. Kife tankin ka miƙar sau 4, sannan a farkon kowane minti ka sake sau 4, ka ɗan buga gindinsa a ƙasa don kumfa ta saki fim. Lokaci ya cika, ka juye. Zuba ruwa zalla ka girgiza rabin minti don tsayar da aikin maganin, ka zubar. Sai fikisa, minti 2 zuwa 5 in mai sauri ne. Aikinsa shi ne narkar da gishirin azurfar da haske bai taɓa ba. Ba don shi ba, da ka buɗe tanki fim ɗin zai dushe. Wani Bature ɗan Ingila, John Herschel, shi ya gano wannan hali na maganin tun 1819.

Daga nan sai ɗauraya, kuma ba sai da famfo ba. Cika tanki da ruwa mai tsabta ka kife sau 5 ka zubar, ka sake cikawa ka kife sau 10, ka sake ka kife sau 20. Ruwan ya kasance tatacce, kuma zafinsa kusa da na maganin. Rataye fim ɗin da maƙalin shanya, ka sa wani a ƙasa don ya miƙe. In lokacin ƙura ne, yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, ka ja ƙofa, kada kowa ya shiga sai ya bushe.

In maganin farko ya yi wuyar samu, akwai dabarar da aka gwada a wata jami'ar fasaha a Rochester ta Amurka a 1995, wato wanke fim da kofi. Yadda masu yi suka daidaita ta daga baya, a lita ɗaya ta ruwa ana narka giram 54 na sodar wanki, sannan giram 16 na garin bitamin C, sannan giram 40 na garin kofi mai narkewa, a wanke fim mai lamba 100 na minti 15 a digiri 20. Amma a kula: sodar wanki ake nufi, ba soda mai ƙuna ta masu yin sabulu ba. Waccan tana cin fata, tana lalata fim. Fikisa kuwa ba shi da madadi, dole a saya.

Buga hoto a takarda

Ita takardar hoto ba ta ganin jan haske, shi ya sa ake kunna jar fitila a ɗakin duhu. Amma ba kowane jan ƙwai ne ke da aminci ba. Gwada shi haka: ɗora kwabo a kan guntun takarda, ka bar shi minti 5 a ƙarƙashin jar fitilar, ka wanke. In zagayen kwabon ya fito, fitilar tana ɓata maka takarda, ka nisantar da ita ko ka sauya.

Ka yi sa'a, dodannin mahaifinka manya ne, saboda haka ba sai ka fara da injin faɗaɗa hoto ba. Shimfiɗa takarda, fuskarta mai sheƙi tana sama. Ɗora dodo a kai, ɓangarensa marar sheƙi yana ƙasa. Danne da gilashi mai tsabta. Rataye ƙaramin farin ƙwai kamar kamu biyu a sama, ko na batir ne ko na sola, ka kunna na 'yan sakan ka kashe. Sakan nawa? Takarda ce za ta gaya maka. Yanki siririn guntu, ka rufe shi da kwali ka bar ɗan gefe, ka ba shi sakan 2, ka ja kwalin ka ƙara 2, haka har sau 5. In ka wanke za ka ga matakai daga fari-fari zuwa baƙi, ka zaɓi wanda fuska ta fi kyau. Takarda tana da tsada, wannan guntu shi ke ceton kwali guda.

Jera faranti 3: maganin fito da hoto na takarda, wanda daban yake da na fim, sai ruwan tsayarwa, sai fikisa. Takarda mai rufin leda minti ɗaya take yi a na farko, kana ɗan jijjiga farantin. A nan za ka ga abin da ya riƙe mahaifinka a sana'ar: farar takarda, sai ido ya fara fitowa, sai ɗankwali, sai fuska gaba ɗaya. Kada zumuɗi ya sa ka cire kafin lokaci, domin a jan haske hoto yakan yi kamar ya fi yadda yake duhu. Sakan 10 a na biyu, minti ɗaya a fikisa, ɗauraya minti 2, ka shanya. Takarda zalla marar leda ta fi ƙarko, amma ɗaurayarta takan kai awa guda. Kowane faranti da nasa abin kamu, kada ɗigon fikisa ya koma farantin farko, yana kashe shi.

In hannu ya faɗa, sai ka nemi injin faɗaɗawa, wanda ke jefa siffar dodon a kan babbar takarda. Da shi ne ake kare wani wuri da inuwar hannu don ya yi haske, ko a ƙara wa wani wuri haske don ya yi duhu.

Gargaɗi

Waɗannan magunguna ba na wasa ba ne. Kada a zuba su a kwalbar lemo ko ta ruwan sha, a rubuta suna a jiki, a kulle inda yara ba sa kai wa. Kofi da farantin aiki kada su koma kicin. Wasu mutane maganin farko yana sa musu ƙaiƙayi, a sa safar hannu. Ɗaki ya riƙa shan iska tsakanin aiki. Tsohon fikisa yana ɗauke da azurfa, kuma guba ne ga kifi da ƙananan halittun ruwa. A tara shi a jarka, kada a zubar kusa da rijiya, ko tafki, ko kwamin shayar da dabbobi.

Zai ci da kai?

To malam, a nan ba za mu yi maka daɗin baki ba. Kasuwar da mahaifinka ya ci ta tashi. Hoton fasfo da na biki da na suna duk sun koma waya da kyamarar zamani, a ɗauka yanzu a karɓa yanzu, kuma mai launi. Fim da takarda da magani duk daga waje ake kawo su, da kuɗin waje ake sayensu, sau da yawa sai an yi saƙo. Saboda haka kada ka taɓa jarin hatsinka, kada ka sayar da sa ko tunkiya don wannan. Ka ɗauke shi aikin rani, naɗi ɗaya ko biyu, ka koya sannu a hankali. In ka tambaya a tsofaffin shagunan hoto na Kano ko Zariya ko Katsina, mai yiwuwa ka dace da dattijon da ya yi zamani da ɗakin duhu, har da tanki da farantan da ya jingine. Kwana uku a gabansa ya fi wata guda kana lalube.

Amma ka ji wannan labari kafin ka amsa wa dillali. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda da farko kafinta ne. Ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar mutanen gari a tsakar gida da hasken rana, da zane a rataye a bayansu, yana buga hoto da dodo a kan takarda kamar yadda muka bayyana maka. Abin da ya yi da ya bambanta shi da wasu shi ne, ya adana dodanninsa, dubbai. Bayan shekaru da rufe shagon aka neme shi, a 1994 aka baje hotunansa a Paris, kafin ya rasu a 2001 sunansa ya zaga duniya. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya sami babbar lambar yabo ta baje kolin Venice a 2007. A nan Nijeriya ma J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, da hotunan kitson mata baƙi-da-fari ya yi suna.

Ba muna cewa gwangwaninka zai mayar da kai attajiri ba ne. Abin da muke cewa, a cikinsa akwai kasuwannin yankinku yadda suke a da, da sutura, da hawan salla, da fuskokin iyayen mutane da yawa waɗanda su ma, kamar kai, ba su da hoton nasu. Wanda ya iya fitar musu da su, ko a takarda ko a waya, ba zai rasa ɗan abin sayen magani ba, ga kuma lada. In wani ya zo yana son sayen dodannin gaba ɗaya, kada ka yi gaggawa. Ka shawarci masu adana kayan tarihi, irin su Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Makama a Kano, kuma duk yarjejeniyar da za a yi ta kasance a rubuce da shaidu. Yayanka kuwa, ka fara buga masa hoton mahaifiyarku ka kai masa, sannan ku sake maganar.

Da fatan mun warware maka. In ka wanke naɗinka na farko, ko ya yi kyau ko bai yi ba, rubuto ka gaya mana abin da ka gani da lambobin da ka sa, sai mu duba tare. Sauran masu sauraro da wasiƙunsu ke hannunmu, ku ƙara haƙuri, kowa layinsa zai zo. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.